Me likita ya rubuta a karne? Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin ciwon huhu da numfashi

Rabin aikina a asibiti a nan Garwa tafinta ne, ko da yake ba don shi aka ɗauke ni ba. Likita ya yi bayani da Faransanci, abokin aikina ya juya zuwa Fulatanci, tsohuwa ta gyaɗa kai kamar ta gane, sai ta fito ta tare ni a baranda da karne, wato littafin asibitinta, a hannu: "Ɗan nan, don Allah me ya rubuta?" In na koma unguwa ma ban tsira ba, ana idar da sallar isha'i wani zai zaro takarda daga aljihu. Tambayoyin nan su ne suka fi yawan dawowa, musamman daga Disamba zuwa Maris, lokacin da hazo ke rufe Binuwai har ba a hango ƙarshen gada. Kalmomin Faransancin na bar su yadda ake rubuta su, domin mai karatu ya gwada da abin da ke cikin karnensa.

Me ya sa sunayen cututtukan nan suke da tsawo, ga ban tsoro?

Ɗinka su ake yi, gutsure da gutsure, akasari daga Girkanci da Latin. Farkon kalma yana nuna wurin da abin ya faru, ƙarshenta yana faɗin abin da ya sami wurin. Sunan ciwon da ya ƙare da ite, kumburi yake nufi. Rhin hanci ne, don haka rhinite kumburin cikin hanci ne. Pharyngite kumburin maƙoshi. Laryngite kumburin akwatin murya, wanda ke sa muryar ladan ta dishe. Bronchite kumburin manyan hanyoyin iska na cikin ƙirji.

Wadda ta ƙare da pnée kuma maganar numfashi take yi. Dyspnée wahalar numfashi, polypnée saurin numfashi, apnée ɗaukewarsa, irin wanda ke samun wasu masu minshari cikin barci. Hémo jini ne, shi ya sa hémoptysie take nufin tarin jini. Sai wasu kalmomi biyu da ke bin bayan suna: aiguë na cewa ciwon sabo ne, chronique na cewa ya daɗe.

Wani dattijo ya taɓa zuwa gidana da dare, jikinsa a sanyaye, an rubuta wa jikansa rhinopharyngite aiguë. Ya riga ya aika ƙauye a fara addu'a. Na ce masa, "Baba, a ci gaba da addu'a, amma mura ce."

Iskar da muke shaƙa, ina take bi?

Ta hanci take shiga, inda gashi da majina ke tace ƙura, ta ɗumama, ta jiƙa. Daga nan ta gangara maƙoshi, mararrabar da abinci da iska ke haɗuwa, ta wuce akwatin murya, ta shiga maƙogwaro, wato trachée, bututun nan mai zobba na guringuntsi da duk mahauci ya sani. Tsawonsa a babban mutum bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba. Sai ya rabu biyu, reshe ɗaya dama ɗaya hagu, su ne bronches. Rassan su yi ta rarrabuwa suna sirancewa, kamar bishiyar tsamiya da aka kifa, har su ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ake kira alvéoles, waɗanda yawansu ya haura miliyan 300. A can ne jini ke karɓar oksijin ya sauke iskar da jiki ya gama da ita.

Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, domin ya bar wa zuciya wuri. Kowane kashi sunansa lobe. Huhu ba ya jan iska da kansa. Wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, diaphragme, shi ke sauka ya jawo ta, kamar zugazugin maƙeri. In ya zabura ba shiri, ita ce shaƙuwa.

Fuka da tarin fuka abu ɗaya ne?

A'a, kuma wannan ruɗanin ya fi kowanne yi mana ɓarna. A bakin tsofaffi, fuka ita ce sarƙewar numfashi mai fito, wadda ke zuwa ta tafi, wato asma, asthme a karne. A rediyo da takardun wayar da kai kuwa, tarin fuka shi ne tibi, tuberculose. Suna ya haɗa su, amma ko dangi ba su zama ba.

Asma ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Hanyoyin iskar mai ita ne suke da saurin fushi: ƙura, hayaƙi, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa ko sanyin asuba su taɓa su, sai su kumbura su tsuke. Takan bi jini a gida ɗaya. Abin shaƙar nan shuɗi, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, yana buɗe hanya cikin 'yan mintuna, amma ba ya kashe kumburin. Wanda ke neman shuɗin sau da yawa a mako yana bukatar na biyu, na kullum, irin su béclométasone. Ana yawan ce mini wai in yaro ya fara shaƙa ba zai iya rabuwa da shi ba. Ba a kamuwa da shi kamar taba. Ga ƙaramin yaro da bai iya daidaita shaƙa da matsawa ba, ana huda gindin gorar roba ta rabin lita a sa bakin abin a ciki, ya shaƙa ta bakin gorar. Ka sa ma'aikacin jinya ya nuna maka.

Tibi kuwa ƙwaya ce, ta iska take yaɗuwa, kuma tana warkewa sarai. Na ga matar da ta yi wata huɗu tana shan maganin asma alhali tibi ke cin ta, domin ta shiga kantin magani ta ce "fuka gare ni," mai kanti bai ƙara tambaya ba. Na ga kuma yaro mai asma da aka ware wa kwano da kofi, 'yan'uwansa na gudunsa.

An rubuta mini BK+ da wasu haruffa. Me ke nan?

BK gajartawar bacille de Koch ce, ƙwayar tibi, da sunan Robert Koch, likitan Jamus da ya bayyana gano ta a Balin ranar 24 ga Maris, 1882. Shi ya sa ake ranar yaƙi da tibi ta duniya a wannan rana kowace shekara. BK+ na nufin an ga ƙwayar. In ka ga BAAR da alamar tarawa ɗaya, biyu ko uku, sakamakon duba kaki ne a madubin likita, yawan alamar yawan ƙwayar. TPM+ ko TPB+ na cewa tibin huhu ne da gwaji ya tabbatar. GeneXpert na'ura ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Cikin kamar awa biyu takan nuna ƙwayar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicine, babban maganinta.

In an miƙo maka ɗan gwangwani an ce crachat, kaki ake so, daga can cikin ƙirji. Mutanenmu da kunya, sai a tofa miyau a rufe a kawo, gwaji ya ce babu komai, mutum ya koma gida da ciwonsa. Ka kuskure baki da ruwa, ka fita fili nesa da mutane, ka ja dogon numfashi sau uku, sannan ka yi tari mai ƙarfi. Na asuba ya fi.

Magani wata shida ne: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, sauran huɗun biyu. Kyauta ake ba da shi a cibiyoyin da ake kira CDT a Kamaru. Fitsari zai koma ja-ja kamar an jiƙa goro, aikin rifampicine ne, kada ka tsorata. Amma in ido ya yi rawaya, ko gani ya fara dushewa, ka dawo ranar. Inda ake faɗuwa shi ne wata na biyu: tari ya tsaya, jiki ya murmure, ɗan kasuwa ya ɗauki jaka ya nufi Kusiri ko Mubi, ya bar magani. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, su ne ke komawa abin da ake rubutawa TB-MR, wato tibi mai bijire wa magani, wanda maganinsa ya fi tsada da wahala. Kuma kowane mai tibi ana ba shi shawarar gwajin ƙanjamau. Ba zargi ba ne, ƙa'ida ce ga kowa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk tarin da ya kai mako biyu, balle da zufar dare, rama, da zazzaɓin yamma, a kai kaki.

Rhume da grippe, wanne ne mura?

Rhume ita ce murar da muka sani: atishawa, majina, toshewar hanci. Grippe a wurin likita ta fi haka nauyi, zazzaɓi mai zafi ne da ciwon gaɓoɓi da ke kwantar da ƙato. A titi dai kowace mura grippe ake ce mata. Duka biyun bairos ke kawo su, kuma amoksisilin ba ya taɓa bairos, ko da ka shanye kwali.

Ga wani tarko: angine kaɗai kumburin ƙululun nan biyu ne na gefen maƙoshi, amygdales. Angine de poitrine kuwa ciwon zuciya ne.

Nimoniya sanyi ne ke kawo ta? An ce don yaron ya kwana a ƙasa ne.

Sunan da muke ba ta, sanyin haƙarƙari, shi ke sa a ɗora wa kankare da ruwan randa laifi, wani lokaci har a ɗora wa uwa. Pneumonie ko pneumopathie ƙwayoyin cuta ne suka kai har cikin 'yan jakunkunan nan, suka cika su da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin zama. Lokacin sanyi tana yawa domin ana cunkushewa a ɗaki a rufe ƙofa da taga, ga garwashi, ga ƙura ta busar da hanci. Abin da ke buɗe mata ƙofa a yara shi ne rashin abinci mai gina jiki, ƙyanda, hayaƙin murhu da rashin rigakafi.

Ga abin da nake koya wa kowace uwa, kuma ba ya bukatar boko. Ki jira yaro ya natsu, ki ɗaga rigarsa, wani ya riƙe agogon waya, ki ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Babban mutum tsakanin 12 da 20 yake yi. Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙari: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, shi ne tirage. Fuka-fukan hanci na buɗewa, ko ya ƙi nono, ko leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, wanda suke rubutawa cyanose, to ba a jiran gari ya waye, kuma ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

A katin rigakafin Kamaru, Penta da Pneumo da ake yi a mako 6, 10 da 14 su ne ke tare manyan ƙwayoyin nimoniya. BCG ta ranar haihuwa, mai barin tabo a hannu, ta tibi ce.

Abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa fa?

Yana auna yadda jini ya ƙoshi da oksijin, shi ne SpO2 ko saturation. Mai lafiya 95 zuwa 100 yake nunawa. Ƙasa da 90 ana sa oksijin. Yatsa mai sanyi ko farce mai fenti na iya ruɗa shi, shi ya sa mukan canza yatsa.

Akwai maganar da ke yawo cewa duk wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi. Gaskiyar ita ce ana kawo mutane a makare, dangi su ga an sa roba a hanci, rai ya yi halinsa, sai a ce robar ce. Na sha ganin uwa ta faki idonmu ta zare wa ɗanta. Hajiya, iskar da ke ɗakin nan kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, ƙari kawai muke yi masa kafin magani ya kama.

Don me likita ke cewa in ce "trente-trois"?

Yana so ƙirjinka ya yi rawa ne. Kalmar, wato talatin da uku da Faransanci, na girgiza ƙirji, shi kuma ya aza tafin hannu a bayanka. Inda huhu ya cushe, girgizar takan ƙaru, inda ruwa ko iska suka taru a gefensa takan ragu. In ya ƙwanƙwasa da yatsa, dabarar mai sayen tulu ce: mai iska da mai ruwa ba amonsu ɗaya ba. Abin sauraren da ke wuyansa wani likitan Faransa, Laennec, ya ƙirƙiro shi a Paris a 1816, kuma yawancin sunayen sautukan daga gare shi suke. Râles crépitants ƙara ce kamar an watsa gishiri a wuta, ana jin ta a nimoniya. Sibilants fito ne, na asma.

An yi mini hoton ƙirji an rubuta opacité. Daji ne?

A hoton da suke kira radio, huhu mai iska baƙi yake fitowa, ƙashi fari. Opacité na nufin an ga fari inda ya kamata a ga baƙi, iyakarta ke nan. Nimoniya na yin haka, tibi na yi, ruwa na yi, tsohon tabo na yi, daji ma na yi, sai an haɗa da labarinka da sauran gwaji. Caverne kogo ne da ciwo ya rarake a huhu, galibi tibi. RAS kuma, wanda wata ta zo mini tana kuka a kansa, cewa yake ba a ga komai ba.

An ce ruwa ya taru mini a huhu. Ruwan da nake sha ne?

Ruwan sha ciki yake zuwa. Wannan daga jini yake tsattsafowa, kuma abu biyu ne muke kira da suna ɗaya.

Huhu na lulluɓe da tantani mai ninki biyu, plèvre. In ruwa ya taru tsakanin ninkin, shi ne pleurésie ko épanchement pleural. Ruwan na wajen huhu, yana matse shi. Ana zuƙo shi da allura ta tsakanin haƙarƙari, wato ponction, a kai shi gwaji, domin a ƙasashenmu tibi na cikin manyan masu kawo shi, musamman a matasa. In iska ce ta shiga wurin, kamar bayan haɗarin babur da ya karya haƙarƙari, sunanta pneumothorax.

Na biyun shi ne OAP. Nan ruwan na cikin huhun kansa, kuma mai laifin yawanci zuciya ce da ta gaji, ko hawan jini da aka yi wa sakaci, ko ƙoda. Allura ba ta zuƙo wannan, maganin sa fitsari ake bayarwa. Alamarsa mutum ya kasa kwanciya, sai ya jingina da matasai uku ko ya kwana a zaune, abin da ake rubutawa orthopnée. Mai jego da ta fara haka, ga kumburin ƙafa, a dakatar da kunun kanwa a kawo ta. Kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Ƙurar hunturu tana lalata huhu?

Yawancin hazon da ke sauko mana daga arewacin Cadi yake tasowa, daga kwarin Bodele, tsohon gindin babban tafkin Cadi da ya ƙafe, kudu da Faya. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wadda ke ƙetare teku zuwa Kudancin Amurka. Mutanen Injamena da Kusiri da Marwa su ke fara shan ta kafin mu. Manyan ƙwayoyinta hanci ke tarewa, shi ya sa majina ke yin ja, hanci ya bushe har a yi haɓo. Ƙananan su ke wucewa ciki su tayar da asma. Rawani da mayafi na rage manyan kawai.

Amma a ganina murhu ya fi hunturu ɓarna, domin hunturu wata uku ne, murhu kullum. BPCO toshewar hanyoyin iska ce ta dindindin. A littattafai ciwon masu shan taba ne, a nan kuwa na fi ganinsa a tsofaffin mata da ba su taɓa riƙe sigari ba, sun shekara arba'in suna tuyar ƙosai ko dafa tuwo a rufaffen madafi. Masu banda kifi, masu gasa tsire, da masu aiki cikin ƙurar auduga su ma suna cikin layi. Abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a hana shi ƙaruwa. Buɗe taga a madafi, busasshen itace, da sauke goyo kafin a hura wuta ba su cin ko sefa ɗaya.

Yaro na tari ba ƙaƙƙautawa, kakarsa ta ce a cire beli.

Beli, luette, halitta ce, kowa na da shi, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya. Ba ya sa tari, ba ya hana girma. Abin da muke gani bayan an cire shi: zubar jini, ciwon da ya ruɓe, sandarewar jiki, da jaririn da ya ƙi nono saboda zafi. Ba na raina wanzamai, makwabtana ne, amma a kan wannan ba mu jitu ba.

Tarin da ke zuwa a jere har yaro ya shiɗe, ya ja iska da ƙara, ya yi amai, tarin shiƙa ne, coqueluche. Yakan yi makonni, kuma a jarirai ya fi haɗari, domin su wani lokaci ko tarin ba sa yi, numfashin ne ke ɗaukewa. Rigakafinsa na cikin Penta. Ka gaya wa Inna da ladabi cewa a fara zuwa asibiti.

To ni da ba na jin Faransanci, me zan ce wa likita?

Kada ka shiga da sunan ciwo, domin tafinta zai juya sunan ne kawai, kuma ka ga abin da fuka ta jawo. Ka faɗi abin da ka gani. Kwana nawa da fara tarin. Busasshe ne ko da kaki, kuma wane launi. Akwai jini ko babu, ɗigo ne ko cikin cokali. Da dare ya fi ko da rana. Da kana zuwa masallacin Juma'a a ƙafa, yanzu sau nawa kake tsayawa a hanya. Wando ya yi maka yawa ko yana nan. Akwai mai tari a gidan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in kana shan taba ko shisha ka faɗa, in ka sha jiƙo ko ƙwayoyin bakin titi ka zo da kwalayen a leda.

Kafin ka tashi, ka roƙi a karanta maka abin da aka rubuta, a faɗa maka sau nawa za ka sha magani, na kwana nawa, da ranar dawowa, wadda suke rubutawa RDV. Tsohon karne da tsohon hoton ƙirji kuma kada a bar yara su yi wasa da su. A sa hoton a babban ambulan, kada a naɗe shi, a ajiye a ƙarƙashin katifa inda rana da damshi ba sa kaiwa.